Karkiya ɗaya, wuya biyu

Ana saura kamar wata guda ruwan shuka ya sauka na je Tibiri gaida kawuna. Na tarar ba ya gida. Aka ce tun da aka sallame sallar asuba ya fita bayan gari da shanu. Na bi sawunsu har na cim masa a wani fili mai rairayi ta wajen gulbi, shi da yaransa biyu, sun ɗora wa shanu biyu karkiya, sun ɗaure wani gungume a bayansu. Ɗayan na san shi: tsohon jan sa ne mai guntulallen ƙaho, ya yi damina shida yana huɗa a gidan, da rani kuma shi ke jan amalanke zuwa kasuwar Maraɗi. Ɗayan kuwa baƙo ne, ɗan bijimi mai shekara uku, ko hujin hancinsa bai gama warkewa ba.

Na raɓe a inuwar wani gawo ina kallo. Ba irin rawar da sabon nan bai taka ba. Ya yi tsalle, ya fizga hagu, ya noƙe, ya durƙusa kamar zai kwanta. Tsohon ko a jikinsa. In wancan ya fizga, sai ya kafe ƙafafu ya jira shi ya gaji. In ya natsu, sai ya ɗaga ƙafa su ci gaba. Da suka kai ƙarshen fili, ba wanda ya ce masa kanzil, ya karkata da kansa ya juyo, itacen wuya ya jawo sabon, dole ya biyo.

Na ce, "Kawu, wannan ai wahalar da tsohon kawai yake yi. Ka zuba masa bulala biyu mana ya shiga taitayinsa."

Ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan birni ke nan. Bulala gudu take koya wa sa, ba tafiya ba. Ni a baya nake, igiya ce kawai a hannuna, ban san abin da ke wuyansa ba. Na gefensa shi ya sani, tunda itace ɗaya ke cin su."

Rana na ɗan ɗagawa suka kwance su, ko awa guda ba su cika ba. Muna komowa gida yake jero mini dokokin abin. Ba a haɗa dogo da gajere, don karkiya za ta karkace ta ci wuyan ƙaramin har ta yi masa gyambo. Ba a fara sabon sa da garma. Gungume tukuna, sannan amalanke wayam, sannan ƙasa mai taushi. Ba a horo da tsakar rana, kuma kaɗan-kaɗan kullum ya fi a wuni ana fama rana ɗaya. Ta ƙarshe ita ya fi nanatawa: a dubi halin tsohon kafin a haɗa. In mai kwanciya ne a tsakar gona, ko mai satar cin shuka, to ka sayi ɗaya ka sami biyu.

Na hau kabu-kabu na komo Maraɗi ina ganin na dai yi kallo ne irin na ƙauye. Ashe maganar za ta biyo ni har gida.

A cikin makon wani ƙanena ya zo hira bayan isha. Likita ne, ya yi shekara bakwai yana karatun likita, ya ƙara wasu a waje yana ƙwarewa, ya dawo, aka ɗora masa ɗalibai. Ba zan faɗi inda yake aiki ba, don abin da ya same shi ba na asibiti ɗaya ba ne. Na ga ransa a jagule, na tambaye shi lafiya.

Ya ce, "Yaya, aikina na iya shi, Allah ya sani. A kawo mini yaro yana suma da tsakar dare, na san abin yi. Amma ɗaliban nan sun gagare ni. Jiya na yi musu bayanin tamowa a bakin gado, tun daga farko har ƙarshe. Yau na tambaye su, kamar da bango na yi magana."

Na ce ya ba ni labarin yadda zagayen yake. Sai ya zana mini shi. Ɗaki cike, wani gadon yara biyu, uwaye zaune a gefe. Shi a gaba, ɗalibai goma sha wani abu a bayansa da fararen riguna, na baya ba sa ganin yaron, balle su taɓa shi. Ya tsaya ya yi ta zuba da Faransanci, su kuma suna ta rubutu. Uwar yaron tana bin bakinsu da ido, ba ta san ko maganar ɗanta ake yi ba ko ta wani. In ya gama, a matsa gado na gaba.

Na ce, "Wa ya koya maka koyarwa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba kowa. Yadda aka yi mana nake yi musu."

Nan maganar take. An koya masa jijiyoyi da ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya, an tsaya a kansa sau ba adadi kafin a bar shi ya huda bayan yaro ya ɗebi ruwan gwajin sanƙarau shi kaɗai. Amma ranar da aka miƙa masa ɗalibai, ba wanda ya tsaya a gefensa ko na minti goma. An ɗauka wanda ya san abu ya iya koyar da shi. Ko a gida mun san ba haka ba ne. Sau nawa muka ga macen da tuwonta ya yi suna a unguwa, amma ƴarta ta tafi gidan miji ba ta iya talge ba, don uwar da ta ga an fara ɓata mata sai ta karɓe muciya?

Abin ya fi tsanani a gari irin namu, kuma da dalili. Shekara da shekaru, duk ɗan Nijar da ke son zama likita a cikin ƙasa Yamai yake nufa, inda aka buɗe makarantar ilimin lafiya a 1974. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, daga baya ta Maraɗi, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta sami tsangayar ilimin lafiya tata. Abin farin ciki ne, don jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 3 da dubu 400, a ƙasar da likitoci ba su kai ɗaya ga mutum dubu 10 ba, ta cancanci ta reni likitocinta a gida. Sai dai aji a cikin watanni ake gina shi, farfesa kuwa sai an shekara da yawa ana renonsa. Kowace sabuwar tsangaya, a ko'ina take, da matasan malamai take farawa, manya ƴan kaɗan ne, kuma aiki ya yi musu katutu. Matashin da safe yana duba majinyata, da rana yana aji, da dare yana kwanan asibiti.

Ba a ce babu mai auna malamin jami'a ba. Akwai hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a Yamai a 1968, take da mazauni a Wagadugu. Ita ke hawar da malamai mataki-mataki, tun daga ƙaramin malami har cikakken farfesa. Duk bayan shekara biyu tana shirya babbar jarrabawar likitoci masu neman zama agreje, inda mutum zai tsaya gaban alƙalai ya kare rubuce-rubucensa, ya kuma ba da darasi ana kallon agogo. Jarrabawa ce mai nauyi, tana da amfaninta. Amma alƙali a baya yake da igiya, kamar kawuna. Yana iya cewa tafiyar ta yi ko ba ta yi ba. Ba ya nan ranar Talata da safe, a bakin gado na bakwai, lokacin da malami ya yi tambaya aka rasa mai amsawa.

Wadda ta tsaya a gefen ƙanena wata abokiyar aikinsa ce, likitar yara, da ta riga shi fara koyarwa da shekara uku kacal. Ba shugabarsa ba ce, ba ta da hannu a ƙarin girmansa. Dabarar da ta yi ta burge ni. Ba ta ce masa ta ji ɗalibai na ƙorafi ba, ko da ta ji. Cewa ta yi, "Likita, gobe in kana da sarari ka zo zagayena ka tsaya a baya. Akwai abin da nake so ka duba mini. Ina jin kamar na baya ba sa samuna."

Wato ita ta fara sa wuyanta. Ya je, ya tsaya inda ɗalibai ke tsayawa, karo na farko tun da ya bar zama ɗalibi. Ya ga abubuwan da take yi da bai taɓa tunaninsu ba, ya kuma ga kuskurenta, ya gaya mata, ta yi godiya. Bayan wannan, da ta ce jibi za ta zo nasa, bakinsa ba zai iya cewa a'a ba.

Kafin su shiga ɗaki ta tambaye shi abin da yake so ta duba. Ya ce yana so ya san dalilin da ba sa amsa masa. Ta tsaya a baya da ƴar takarda, ba ta ce uffan ba har aka gama, ko da ya faɗi abin da da ita ce da ba haka za ta faɗa ba. Sai da ɗalibai suka watse, suka zauna su biyu a ɗakin kwanan likitoci da kofin shayi, sannan ta ce masa shi ya fara faɗin yadda ya ga zagayen. Da ya gama, ta faɗi abin da ya yi daidai, ba irin yabon nan na baka ba: ta ce yadda ya kama hannun wata ɗaliba ya ɗora a ƙafar yaro ta danna ta ga kumburi ya lotsa, wannan ba za ta manta da shi ba har ta tsufa. Sannan ta nuna masa takardarta. Ta rubuta duk tambayar da ya yi, da wanda ya amsa. Kusan duka shi ya amsa wa kansa.

Ya ce, "Ai ba su sani ba ne."

Ta ce, "Wa ya sani ko sun sani? Kafin su buɗe baki ka riga ka faɗa."

Abin da ta gano da ƴar takardarta, wata mai binciken ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna shi tun farkon shekarun 1970. Ta ɗauki muryoyin malamai a aji, ta tarar yawancinsu kamar daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya. In suka daure suka kai daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi su ƙara tsawo, masu shiru su fara magana. To, wannan a inda malami da ɗalibi ke magana da harshen da suka sha a nono ke nan. Ina ga namu, wanda ya ji tambaya da Faransanci, ya juya ta a ransa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ya sake mayar da amsa Faransanci, ga tsoron kada a yi masa dariya a gaban uwar majinyaci? Malami ba ya jin gajartar shirunsa, don a kunnensa daƙiƙa ɗaya kamar shekara take. Sai na gefe ya ƙirga masa.

Abu biyu kawai ta ba shi a ranar, ko da ta ga fiye da haka. Na farko, in ya yi tambaya ya ƙirga biyar a zuci. Na biyu, kada ya fara da bayani. Ya sa ɗalibi ya duba yaro, ya tambaye shi, "Me kake zaton yana damunsa?" In ya faɗa, ya ce, "Me ka gani da ya sa ka ce haka?" Sannan ya ba shi ƙa'ida ɗaya gajeriya da zai tafi da ita, ya faɗi abin da ya yi daidai, ya gyara abin da ya kauce. Wannan tsari wasu malaman likitancin iyali a Amurka suka rubuta shi a 1992, ana yi masa laƙabi da koyarwar minti ɗaya, don an yi shi ne saboda likitan da layi ke jiransa. Ya dace da ɗakin yara a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa su cika asibiti har baranda.

Bayan makonni ta ƙara masa na uku, wanda ba daga littafi ta samo shi ba. Ta ce kafin su bar gado, ya sa ɗalibi ɗaya ya juya ya yi wa uwar yaro bayani da Hausa. Ranar farko aka sha kallo. Ɗalibin da ya haddace shafi guda a kan ƙarancin jini ya tsaya yana in-ina gaban wata baiwar Allah daga ƙauye. A nan malami ke gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Kuma gobe in an tura yaron nan aiki wani asibitin karkara, ba da farfesa zai wuni yana magana ba, da irin matar nan ne.

Wani zai ce, ai ana shirya wa malamai tarukan bita. Gaskiya ne, kuma mun san su: kwana uku a babban ɗaki mai sanyi, a raba jaka da biro, a ci abinci, a karɓi kuɗin zama da takardar shaida. Ba na raina su, a nan mutum ke jin sabon abu. Amma ji daban, yi daban. Wasu masu bincike biyu, Bruce Joyce da Beverly Showers, sun bi sawun malaman makaranta a shekarun 1980, suka ga kaɗan ne ke aiki da abin da suka jiyo a taron bita in sun koma aji, sai fa waɗanda abokan aikinsu ke shiga ajinsu suna kallo, su ma suna zuwa nasu.

Ba sai mun je Amurka neman shaida ba. A je Jiratawa, kudu da Maraɗi, inda tun farkon shekarun 1980 ake noman ban-ruwa a fili mai kimanin hekta 500, da ruwan da injuna ke jawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Gonakin ƙanana ne, kafaɗa da kafaɗa, ga zogale, ga albasa, ga tumatir. Malamin gona yakan zo ya yi bayani ya tafi. Amma wanda ke hana sabon manomi asara shi ne maƙwabcin da ke tsaye a kan kunya yana jiran a sako masa ruwa, ya leƙo ya ce, "Malam, ka cika wa albasar nan ruwa, za ta ruɓe," ko ya karɓi wuƙa ya nuna masa inda ake yanke zogale don ya sake tofo. Haka sassabin zamani ya yaɗu a jihar nan. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya, ya fara kiran mutane a kai wajen 1983: a daina tumɓuke kututture, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Amma ba bakinsa ne ya kai abin hekta miliyan 5 a faɗin Nijar ba. Manomi ne ya leƙa gonar maƙwabci ya ga itace da hatsi tare, ya tambaya, aka nuna masa.

Tunda abin ba ya cin kuɗi, me ya hana shi zama ruwan dare a tsakanin malaman likita? Bahaushe ya riga ya faɗa: wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da aikinsa duba wasu ne, safe da yamma ana ce masa lokotoro, ana durƙusa masa, ba ƙaramin abu ba ne ya yarda a zauna a bayansa ana rubuta abin da yake yi. Ga kuma kunya. Manomin Jiratawa kan kunya yake tsayawa ya gyara wa ɗan'uwansa. Mu ƴan boko bayan tamu kunyar muke ɓuya. Ƙarami ba ya gyara wa babba, tsara na gudun a ce ya cika iyayi, sai kowa ya ja bakinsa, a fita waje a yi da mutum. Tun muna lakwal muka saba cewa duk ranar da baƙo ya shigo aji ya zauna a baya da littafi, to mushe yana cikin tashin hankali, don sufeto ne ya zo neman laifi. Wannan tsoron muka girma da shi.

Amma ko ƙwararru sun gane ido ba ya ganin ƙeya. Atul Gawande, sanannen likitan fiɗa a birnin Boston, ya ba da labari a mujallar The New Yorker a 2011 cewa bayan shekara takwas yana aiki ya ga ya daina ci gaba. Sai ya roƙi wani tsohon likita da ya yi ritaya, Robert Osteen, ya shigo ɗakin fiɗa ya zuba masa ido. Aikin ya tafi lafiya, shi a ganinsa babu abin gyara. Tsohon ya fito da takarda cike: gwiwar hannunsa tana ɗagawa sama, yadda ya shimfiɗa ƙyallen rufe majinyaci ya takura wa mai taimaka masa, fitila ta kauce daga inda ake aiki bai lura ba. Ƙananan abubuwa ne, amma irin waɗanda mai yi ba zai taɓa gani ba. In wanda ya yi fiɗa dubbai yana bukatar na gefe, ina ga wanda jiya-jiya aka ba shi alli?

Abin lura shi ne, dokokin kawuna ba na shanu kaɗai ba ne. Kada tazara ta yi yawa: babban farfesa yana da abin koyarwa mai tarin yawa, amma in shi ya zauna a bayan sabon malami, tsoro zai hana shi koyon komai, kuma ya daɗe da manta nauyin ranar farko. Wanda ya riga ka da shekara biyu ko uku, tabon karkiya bai goge daga wuyansa ba. A fara da gungume: tun 1963 jami'ar Stanford ta fito da dabarar sa sabon malami ya ba da darasin ƴan mintoci gaban mutum kaɗan, a gyara masa, ya sake. Malamai huɗu a ɗaki ɗaya da wayar salula mai ɗaukar hoto sun isa. A yi kaɗan-kaɗan: minti goma kowane mako, gyara ɗaya ko biyu, sun fi dogon zama sau ɗaya a shekara. A kuma dubi halin tsohon. Akwai malamin da ya ƙware wajen tozarta ɗalibi a gaban majinyaci, yana ganin hakan ne horo, don haka aka yi masa. A haɗa shi da sabo, an sami biyu.

Akwai doka guda da shanu ba sa bukata, mutane na bukata: amana. Abin da aka gani a zagaye ya tsaya tsakanin mutum biyu. Ranar da takardar abokin aiki ta isa teburin shugaban sashe, ranar abin ya mutu, don kowa zai koma yin wasan kwaikwayo in an shigo ajinsa. Aikin shugaba a nan ya ware lokaci, ya haɗa mutane biyu-biyu da yardarsu, ya ɗauke idonsa. In yana so abin ya kama da sauri, ya fara kiran wani ya zauna a bayan nasa ajin, ƙanana na gani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai babba ya fara sauke nasa sannan ƙarami zai yarda.

Kuma kada a ɗauka sabon ne kaɗai ke ƙaruwa. Ita likitar nan ta gaya wa ƙanena cewa tun da ta fara ƙirga tambayoyinsa take jin nata a kunnenta. A nan mutum ya fi sa: tsohon sa ba ya koyon komai daga sabo, amma malamin da ya zauna a bayan ajin wani, nasa ajin yake hangowa.

Ban ce ƙanena ya zama gwani ba. Har yanzu in aiki ya yi yawa yakan koma gidan jiya, ya yi ta zuba shi kaɗai. Amma yanzu yana kama kansa. Ya ce wata rana ya yi tambaya ya daure ya ƙirga biyar, har ya fara jin zufa, sai wani ɗalibi da bai taɓa jin muryarsa ba ya ce daga can baya, ƙasa-ƙasa, a auna sukarin jinin yaron tukuna. Kuma shi ne daidai. Wata huɗu yaron nan yana bin bayansa da amsa a baki.

Da bazara ta zagayo na sake zuwa Tibiri. Na tarar da kawu a filin nan dai, da gungumen nan dai. Jan sa mai guntulallen ƙaho ba ya nan, an ɗaure shi a gida ana turka shi. Bijimin bara, wanda ya yi ta tsalle yana durƙusawa, shi ne a dama, wuyansa ya yi kanta, an haɗa shi da wani ɗan baƙi da ke ta fizge-fizge. Ɗan baƙin ya ja hagu da ƙarfi, shi kuwa ya kafe ƙafafu ya jira.

Na ce, "Kawu, tun yanzu? Damina ɗaya fa ya yi."

Ya ce, "Damina ɗaya ta isa ya san hanya, ba ta isa ya manta wahala ba. Irinsa ake so."

Suka kai ƙarshen fili. Ba wanda ya ja igiya. Ya karkata ya juyo, ƙaramin ya biyo shi.